Koren Layin Yaya

Shafi na 41

Na ga saƙonninku tun da safe, har da mai cewa na bar ta a tsaye jiya ta kasa cin abinci. Ke kuma da kika rantse in Auta ta tona wa Yayanta asiri kin daina karantawa, 'yar'uwa zauna ki karanta tukuna. Ni ma ba da daɗin rai na rubuta wannan shafin ba.

*

Auta ta sake kwafo misalin daga shafin bayani, ta zuba wa Tafinta, ta danna, ta naɗe hannu tana jira. Bai ɓata lokaci ba ya watso mata jan rubutu irin na ɗazu. Wai bai gane ba.

"Haba dai," ta ce a hankali. "Yi wa Allah ka gane."

Ina, na'ura ba ta san magiya ba.

Tafinta sunan da suka laƙaba wa kompailan kamfaninsu ne, manhajar nan da ke karɓar abin da mai rubuta manhaja ya rubuta ta juya shi zuwa abin da na'ura ke fahimta. Yayanta ne ya gina shi tun daga tushe, tun tana 'yar makaranta tana kai masa abinci ofis. Ita kuwa yanzu aikinta gyaran littafin bayaninsa. A duk littafin babu shafin da ake tsoro kamar shafin ƙa'ida, domin duk sa'ad da masu kula da yaren da ake rubuta manhaja da shi suka fitar da sabuwar ƙa'ida, wannan shafin ne ke gaya wa duniya abin da Tafinta ya iya da wanda bai iya ba. Layi-layi yake. Kore, ya iya. Rawaya, ya iya rabi. Ja, bai iya ba.

Dokoki biyu ke tsare shafin, duka Yaya ne ya kafa su. Mai layi shi ke sauya launin layinsa da hannunsa, ba wani ba. Mai gyaran bayani kuma ba ta sakin shafi sai ta gwada kowane misali da kanta. Wanda ya riga ta zama a kujerar nan ya taɓa sauya wa wani launi don sauri, Yaya da bakinsa ya ce a sallame shi, kuma aka sallame shi a ranar.

Layin da ke gabanta na Yaya ne. Shi ya fi kowane wuya a sabuwar ƙa'idar, shi ya sa ya ɗauke shi da kansa. Makon jiya ya mai da shi kore, ya saya wa ofis duka shayi kamar yadda aka saba, har tafi aka yi masa. Yau kafin a tashi aiki shafin zai fita, ga misalin ya ƙi.

Ta miƙe ta nufi ɗakin shayi.

Can ta tarar da Dogo, aminin Yaya tun suna makaranta, yana ta juya cokali a kofin da sukarinsa ya daɗe da narkewa. Tana shiga ya ɗago, yana ganin fuskarta ya sha jinin jikinsa.

"Ƙanwarmu, ya aiki?"

"Layin Yaya ba ya aiki."

"Rufe ƙofar."

Ta rufe, ta jingina da ita.

"Ka sani ke nan."

"Ki bar shi kore," in ji Dogo, bai yarda sun haɗa ido ba. "Ki saki shafinki. Ni zan zauna ƙarshen mako in gyara, ba wanda zai ji."

"Ƙarshen mako? Aikin da ya ci wa Yaya watanni?"

"To makon sama."

"Yaya Dogo, masu haɗa na'urar ƙarin ruwa ta asibiti tun bara suke jiran wannan layin. Suna ganin kore za su ɗora aikinsu a kai. Kai ka san haka fiye da ni."

"Na sani."

"To me ya sa kake cewa in yi ƙarya?"

Ya ajiye cokalin. Mutum ne mai barkwanci, wanda in ya shigo ɗaki sai an yi dariya ko ba a so. Yau Auta ta ga tsufa a fuskarsa.

"Kin karanta abin da ya rubuta?"

"Ni ba karatun ciki nake yi ba, gwaji nake yi."

"Ni na karanta. Babu kuskure ko ɗaya a ciki. Aiki ne tsaf, irin na Yayanki." Ya ture kofin gefe. "Sai dai tsohuwar ƙa'ida ya bi."

"Ban gane ba."

"Tsohuwar, wadda Tafinta ya iya tun kina sakandare. Ya zauna ya sake rubuta aikin da ya riga ya yi tun wancan lokacin. Na ɗauko na da, na jera su. Kusan kalma da kalma, Auta. Bai kwafa ba, daga kansa ya sake fito da shi, yana ganin sabon aiki yake yi."

Ta yi 'yar dariya, irin wadda ba ta da alaƙa da farin ciki.

"Gajiya ce. Ka san Yaya ba ya hutawa."

"Ni ma haka na yi ta gaya wa kaina."

"To gajiya ce mana."

"Ranar da ya sayi shayin nan, da aka watse, ya ja ni gefe. Ya ce, Dogo, riƙe mini ofis, zan wuce asibiti in ga jaririyar, an ce da Inna take kama."

Jaririyar da Yaya yake nufi ita ce 'yarsa ta fari, wadda yake kira Mamana saboda sunan mahaifiyarsu aka sa mata. Yarinyar da yanzu ta kusa kamo Auta a tsawo, har aron mayafinta take yi. A makon da aka haife ta ne Yaya ya gama wancan tsohon aikin, duk gidan sun san labarin, don shi da kansa yake bayarwa duk shekara.

"Ka bar shi ya tafi?"

"Na bi shi har mota. Muna zaune, ya sa makulli, sai ya dube ni ya ce, ina za mu? Na ce gida. Ya ce to."

"Tun yaushe?"

"An ɗan jima. Da ƙananan abubuwa ya fara. Sunan mutum, inda ya ajiye mota. Ni nake bin bayansa ina gyara aikinsa kafin kowa ya gani. Wannan ne ya kuɓuce mini, don ya ce ba ya son kowa ya sa masa hannu."

"Anti ta sani?" ta tambaya, tana nufin matar Yaya.

"Ita ta kai shi wurin likita. Ni na tuƙa su."

"Ni kuma fa?" Ta bar jikin ƙofar ta matso. "Uwa ɗaya uba ɗaya. Kullum muna gini ɗaya, kullum sai ya leƙo ɗakina ya tsokane ni. Ku duka kun sani, ni ce bare?"

"Shi ya hana. Ya ce kowa ya ji ban da Auta. Ya ce ke kaɗai kika rage kina kallonsa yadda yake a da, kada a ƙwace masa wannan."

Nan hawayen suka ƙwace mata. Ta toshe baki da gefen mayafi don kada a ji a waje. Wallahi da zagin ta aka yi da ya fi mata sauƙi. Mutumin da ya riƙe ta tun rasuwar Baba, ya koya mata riƙe biro, ya koya mata taɓa kwamfuta, ashe watanni yana ɓacewa a gabanta tana yi masa dariya in ya maimaita labari.

Dogo ya bar ta ta yi mai isarta, sannan ya ce, "In layin nan ya zama ja, Manaja zai tambaya. In ya tambaya zai duba. In ya duba zai ga abin da na gani. Ba mugu ba ne, amma ba zai bar mai irin wannan ciwon a kan Tafinta ba, kuma ba zan ga laifinsa ba. Ki raba Yayanki da Tafinta, me ya rage masa da zai tashi da safe dominsa?"

"Ni ba ni da ikon taɓa layinsa ma."

"Ba ki da ikon taɓawa, kina da ikon yin shiru. Shirun kawai nake roƙo."

Ta goge fuska, ta buɗe ƙofa, ba ta ce masa e ba, ba ta ce a'a ba.

*

Ɗakinta ƙarami ne, a ƙarshen baranda, jikin ɗakin manyan na'urori, kullum da gurnaninsu a bango. Ta zauna ta zuba wa koren layin ido. Maɓallin sakin shafi na can ƙasa yana jiranta. Ta kai hannu kan linzamin kwamfutar, ta janye. Ta sake kaiwa.

Aka ƙwanƙwasa da ƙafa.

"Autar Inna, sarauniyar waƙafi, buɗe mini, hannuna a cike."

Yaya ne, kofin shayi a kowane hannu, gilashinsa a saman goshi inda kullum yake mantawa da shi. Ya dire mata ɗaya a kan takardunta, daidai inda ta sha hana shi.

"Me ya riƙe shafina? Ko kin sami ɗigo ya kauce daga mazauninsa, za a tsayar da duniya?" Ya leƙa fuskarta. "Kai, wa ya taɓa mini ke?"

"Mura ce."

"Murar ƙarya. Tun kina rarrafe na san kukanki."

Ta dube shi. Rigarsa a goge, gemunsa a gyare, idonsa tar irin na ko da yaushe. Da ba a gaya mata ba, da ta rantse lafiyarsa ƙalau. Wani ɓangare na zuciyarta ya ce ta yi dariya, ta sha shayin, ta danna maɓallin bayan ya fita. Sai dai shi ya koya mata aikin nan, kuma bai koya mata wannan ba.

"Yaya, zauna ka gwada mini misalinka."

"Au, jarrabawa za a yi mini?"

"Don Allah."

Ya ja kujerarta ya zauna yana murmushi, ya sauko da gilashin. Yatsunsa suka bi allon rubutu da saurin da ta sani. Ya danna. Jan rubutu ya fito.

"Misalin ne ba daidai ba," ya ce nan take. "Wa ya rubuta miki wannan shirmen? Yaren bai yarda da haka ba." Ya karanto mata dokar da ka, sashe da sakin layi, ko numfashi bai ja ba.

Ta miƙa hannu ta saman kafaɗarsa ta buɗe sabuwar ƙa'idar, ta kai shi sashen.

"Karanta nan, Yaya."

Ya karanta. Ya koma sama ya duba bangon ƙa'idar. Ya sake saukowa. Murmushin ya tsaya a fuskarsa ba tare da ya san yana nan ba.

"Wannan yaushe ta fito?"

"Bara."

"Bara."

"Kai ka tara mu a ɗakin taro ka raba mana aikin. Kai ka ce wannan layin naka ne."

Ya buɗe abin da ya rubuta, yana gangarawa a hankali, yana gangarawa. Gurnanin na'urorin bango kaɗai ake ji. Ta ga hannunsa na hagu ya kama gefen tebur ya riƙe gam.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Mamana aji nawa take?"

"Tana sakandare, Yaya."

"Na sani." Ya gyaɗa kai. "Yanzu na sani. Ɗazu ma ina jin na sani."

Ta durƙusa a gefen kujerar ta kifa kai a gwiwarsa, kukan ya dawo sabo. Ya ɗora hannu a kanta kamar ranar da aka fita da Baba.

"Dogo ya gaya miki."

"Ni na matsa masa."

"Dogon banza. Tun muna yara bakinsa ba ya riƙe ruwa." Ya yi ƙoƙarin dariya, ta maƙale. "Ba na jin zafi, kin ji? Ko kaɗan. Abin kamar ka shiga ɗaki ne ka manta abin da ya kawo ka. Sai dai ni wani lokacin shekarar nake mantawa."

"Me ya sa ka ɓoye mini?"

"Ina so in rage wuri ɗaya da zan shiga ba a yi mini kallon tausayi ba. Ga shi kin fara."

Ta yi sauri ta goge ido, ya kuwa yi dariya ta gaske, gajeriya.

"Tashi. Matsa mini."

Ya jawo linzamin, ya kai kan layinsa.

"Yaya, ka sa rawaya," ta ce da sauri. "Rawaya ba ta jawo tambaya. Yaya Dogo zai taya ka, a hankali a gama."

"Rawayar me? Ko ɗigo na sabuwar ƙa'idar babu a ciki. Wani zai karanta ya ɗora na'urar da za a rataya wa ɗan wani a hannu." Ya dube ta ta saman gilashi. "Ni na koya miki haka?"

"A'a."

"To."

Ya danna. Layin ya zama ja. Ya adana, ya zauna yana kallonsa. Auta ta taɓa ganin Yaya yana kuka sau ɗaya a rayuwarta, yau ma bai yi ba, sai dai haɓarsa da ke motsi. Rabin rayuwarsa ya zuba a Tafinta, kuma ya san abin da jan nan zai jawo masa.

"Saki shafinki," ya ce. "Amma abu ɗaya. Manaja daga bakina zai ji. Ba daga bakinki ba, ba daga na Dogo ba. Da ƙafata na shigo gidan nan, da bakina zan ce na gaji. Yi mini alkawari."

"Yaya..."

"Alkawari, Auta."

"Na yi."

"Ko me zai faru."

"Ko me zai faru."

Ya miƙe, ya gyara riga. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"In na manta fa?"

"Ba za ka manta ba," ta ce.

"Bari in wanke fuska, in je in same shi."

Ya fita. Ta zauna a kujerar da ɗuminsa bai bar ta ba, ta danna maɓallin, shafin ya tafi. Shayin da ya kawo mata ya yi sanyi, ya bar zobe a kan takardunta. Ta ɗauka ta shanye shi haka nan.

Ba a jima ba aka turo ƙofar ba sallama. Manaja ne, waya a hannu, fuska a murtuke.

"Me nake gani haka?"

Ta miƙe tsaye.

"Saƙo ya shigo mini yanzu. An mai da babban layinmu ja, an saki shafi. Masu na'urar asibiti har sun kira." Ya juyo mata da wayar. "Daga kwamfutarki aka sauya. Ga sunanki."

Sai a lokacin abin ya faɗo mata. A kujerarta Yaya ya zauna. Da sunanta kwamfutar take a buɗe. Shi da ya kafa dokar, da ita da ke tsaronta, babu wanda ya tuna.

"Kin san dokar gidan nan," in ji Manaja, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kin kuma san abin da ya sami wanda ya riga ki. Ba na so in yarda. Ki ba ni dalili."

Ta hango Dogo ya iso bakin ƙofa yana haki. Zuciyarta na cewa, yanzu zai dawo, yanzu zai faɗa da bakinsa.

Sai ga shi kuwa. Fuskarsa da sauran ruwa, gilashi a saman goshi, yana goge hannu da hankici. Ya raɓa Dogo ya shigo da fara'arsa.

"A'a, taro ake ba a kira ni ba?" Ya dubi Auta. "Autar Inna, sarauniyar waƙafi, me ya riƙe shafina?"

Dogo ya runtse ido.

Yaya ya sunkuya ya leƙa fuskar kwamfutar. Fara'ar ta ɗauke. Ya sauko da gilashin, ya sake dubawa, ya miƙe a hankali. Ta san wannan fuskar, ita ya yi ranar da aka sallami wanda ya riga ta.

"Wa ya taɓa mini layi?"

Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Makon jiya na gama aikin nan da hannuna. Tambaya nake, wa ya taɓa mini layi?"

Manaja ya miƙa masa wayar. Ya karanta sunan. Ya ɗago ya dube ta, ba da fushi kaɗai ba, da irin kallon wanda aka soka a inda bai taɓa tsammani ba.

"Ke, Auta?"

Daga bayansa Dogo na girgiza mata kai, ita ba ta ma san wanne yake hana ta faɗa ba. Alkawarin na nan a bakinta, ɗanye, ko shayin bai wanke shi ba.

Manaja ya ja ƙofar ya rufe.

"Muna jin ki," ya ce.